Amya Arba'in a Cikin Littafi

Akwai wani mutum mai suna Habila, wanda mutanen ƙauyensu suka ba amanar ƙudan zumarsu. Gida goma sha biyu ne suka haɗa kuɗi, aka saƙa amya arba'in, aka rataye su a kan itatuwan ɗorawa a wani kurmi da ke hayin rafi. Kowane gida yana da hannun jari gwargwadon abin da ya zuba, wani amya biyar, wani biyu. Habila ne ke ɗiban zumar, shi ke sayarwa, shi ke riƙe da littafi.

Littafin nan shafi biyu ake cikawa kowace shekara. A shafin dama ake rubuta ribar da aka raba. A na hagu kuwa ake rubuta abin da ya rage na masu jari: amya nawa ke rataye, nawa ke da ƙuda a ciki. Akwai kuma ƙa'ida tun daga farko, cewa in an buɗe amya, kashi ɗaya cikin uku na saƙar ba a taɓa shi. Wannan abincin ƙudan ne har furanni su dawo.

Cikin masu jarin akwai wata gwauruwa, Mama Tabita, wadda mijinta ya rasu ya bar mata amya uku. Yanar ido ta fara rufe mata gani. Takan ce wa Habila, “Ɗana, ka lura mini da ukun nan. Ranar da likita ya ce lokacin aikin ido ya yi, su zan sayar in sake ganin jikokina.”

Habila ba ɓarawo ba ne, kada ku ɗora masa abin da bai yi ba. Ko cokali ɗaya bai taɓa kaiwa gidansa ba. Ciwonsa ɗaya ne, yana son a yabe shi. In aka ce masa “sannu da ƙoƙari”, sai ka ga har tafiyarsa ta sake.

Wata shekara ɗorawa ba ta yi fure sosai ba, zuma ta yi kaɗan. Habila ya tsaya a gindin itace da ƙwarya rabi a hannu, yana tunanin fuskokin mutane ranar rabo. Ya ce a ransa, “Bana kawai.” Ya mai da hannu cikin amyar ya kwashe saƙar duka, har da rabon ƙudan.

Ranar rabo aka yi ta tafi. Garuruwan da ke kewaye kowa na kukan rashin zuma, su kuwa ribarsu ta fi ta bara. Aka karanta shafin dama, aka sake karantawa don daɗi. Da Habila ya juya zai karanta na hagu, wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, “Bar shi, Malam Habila, rana ta yi. Mun yarda da kai.”

Kafin ruwan fari ya sauka, yunwa ta kori ƙudan amya tara. Habila ya ji tsoro ƙwarai, amma tsoron faɗa ya fi ƙarfi. Da lokacin rabo ya sake zagayowa, ya sauke amyoyin da babu kowa a ciki, ya kai su wata kasuwa mai nisa ya sayar. Ya haɗa kuɗin da na zumar da ya tatse daga sauran, ya raba wa mutane a matsayin riba. A shafin hagu ya rubuta arba'in. Haka ya yi a shekara ta biyu, haka a ta uku.

Da can, tun kana tsallake rafi za ka jiyo kurmin yana ruri. Yanzu Habila yakan shiga da tsakar rana ya ji ƙarar takunsa kaɗai a kan busassun ganye. Amya bakwai suka rage a sama, gizo-gizo ya saƙe bakin kowace. Wata rana ya hau ya ƙwanƙwasa ɗaya, sai ƙadangare ya leƙo ya dube shi, ya koma ciki. Abin da ya fi tayar masa da tsigar jiki shi ne, a gida yakan ji rurin ƙudan a kunnensa, yana cin tuwo, yana cikin sujada a majami'a. In ya ruga kurmin kuwa, sai shiru.

Wata Talata da hantsi, Mama Tabita ta yi sallama a ƙofarsa tana dogara sanda. Idanun sun rufe gaba ɗaya.

Ta ce, “Habila, likita ya ce za a yi aikin ranar Jumma'a. Na sami mai sayen amya ukun. Amma kafin in rabu da su, kai ni in ji kukansu sau ɗaya. Baban yara ne ya rataye su da hannunsa.”

Ya ce, “Mama, hanyar da nisa, ga rana.”

“Ƙafata lafiya lau take. Kama sandar.”

Ya kama bakin sandar, ta riƙe ɗaya ƙarshen, suka tafi. Tana ta ba shi labarin jikarta da aka haifa bara, wadda ba ta taɓa ganin fuskarta ba. Suka tsallake rafi, suka shiga inuwar ɗorawa, ya tsaya.

Ta ce, “Mun iso?”

“Mun iso, Mama.”

Ta karkata kai tana saurare. Ko ganye bai motsa ba. Ta ce, “Ina suke?”

A nan ne Habila ya yi abin da bai taɓa zaton zai yi ba. Ya saki sandar, ya lallaɓa bayan itacen, ya rufe baki ya fara ruri da hancinsa, a hankali, kamar ƙuda. Ƙaton mutum mai 'ya'ya biyar, tsaye a kurmin da babu kowa, yana yi wa makauniya kukan zuma. Fuskar tsohuwar ta fara sakewa, har ta yi murmushi. Sai numfashinsa ya ƙare, ya ja iska, ya ci gaba.

Murmushin ya gushe. Ta juyo da fararen idanunta daidai inda yake tsaye.

“Habila,” in ji ta, “ƙudan zuma ba sa tsayawa su ja numfashi.”

Ya durƙusa ya faɗa mata komai, yana kuka. Ba ta zage shi ba. Ta daɗe tana lalubar jikin itacen, sannan ta ce, “Ashe ribar da nake ta gode maka shekara uku, idanuna nake ci.”

Ga ma'anar wannan misali, ya ku ƙaunatattu. Kurmin shi ne zuciyar mutum. Ƙudan da saƙar da ake bar musu su ne abin da ba mai gani: addu'arka a ɓoye, gaskiyarka in kana kai kaɗai, zamanka a gaban Ubangiji. Ribar kuwa ita ce abin da mutane ke gani su yaba. Mutum yana iya shekara uku yana waƙa a taron zumunta, yana jagorar addu'a, yana raba murmushi a ƙofar majami'a, alhali jarin yake sayarwa yana rabawa.

Kada kuma masu jarin su wanke hannu. Gida goma sha biyu, ba wanda ya tsallake rafi, ba wanda ya ce a karanta shafin hagu. In kuna da adashi ko asusun ƙungiya, ku tambayi abin da ya rage kafin ku tambayi rabonku. In kai ne mai riƙe da littafi, shekarar da aka sami kaɗan ka ce kaɗan aka samu. Kunyar yini ɗaya ce.

Ubangiji yana gafarta wa mai tuba, ya kuwa gafarta wa Habila. Amma ranar Jumma'a ta zo ta wuce, Mama Tabita tana zaune a ƙofar ɗakinta, tana shafa fuskar jikarta da hannu.