Abin da Aka Tarar Cikin Tokar Shago

Akwai wani mutum a wani ƙaramin gari, yana da shagon kayan da a bakin kasuwa. A ciki akwai akusa, da sassaƙaƙƙun ƙorai, da takubba, da mundaye, da zannuwan saƙi waɗanda masaƙansu sun daɗe da barin duniya. Waɗansu ya sayo su ne daga ƙauyuka yana sayarwa. Amma waɗanda ke kan kanta ta sama, a bayan gilashi, ba nasa ba ne. Ajiyar mutanen gari ce. Gama dattawa sun ga 'ya'yansu ba su san darajar kayan kakanni ba, har wani yakan ɗauki tukunyar tagulla ya miƙa wa 'yan gwangwan su auna ta a sikeli kamar tsohon ƙarfen keke. Saboda haka suka riƙa kawo wa mai shagon, suna cewa, "Kai ka san darajarsu. Ajiye mana, jikokinmu su zo su gani."

A cikin masu ajiya akwai wata tsohuwa gwauruwa. Abin da ta kawo tasar tagulla ce ta mahaifiyarta, mai ɗan lotsi a baki, inda ta taɓa faɗuwa daga hannunta tun tana yarinya. Ba ta da wani abin tunawa da mahaifiyarta sai ita. Kowace ranar kasuwa takan dogara sanda ta zo, ta tsaya gaban gilashin ta daɗe tana dubawa.

Mai shagon yakan ce, "Inna, kullum sai kin gaishe da tasa kafin ki gaishe ni?"

Ita kuwa takan ce, "Ai ta girme ka, ɗan nan. Ka bari ka yi shekarunta tukuna."

Ana nan sai baƙi suka fara zuwa daga manyan birane cikin motoci, suna neman kayan da. Idonsu bai tsaya ko'ina ba sai kan kanta ta sama. Suka taya, ya ƙi. Suka dawo suka ƙara, ya sake ƙi. A zuwa na uku ya ce a ransa, "Wannan takobin mai shi ya rasu, 'ya'yansa ko leƙowa ba sa yi." Sai ya sayar. Don kada a ga gurbi, ya sa aka yanka masa wani da falle na gwangwani, ya rataye a wurin. Ba wanda ya lura.

Daga nan abin ya yi masa sauƙi. Yakan kai kayan ajiya wani gari mai nisa, mai ginin tukwane ya gina masa irinsu da yumɓu, daidai wa daida. Ya shafa musu fenti mai ruwan tagulla, sa'an nan ya turara su da hayaƙin ƙaiƙayi a ƙuryar shago har su yi duhun tsufa. Na gaskiyar ya sayar wa baƙi. Ya kuma kafa doka cewa ba a buɗe gilashi, wai gumin hannu yana ɓata tsohon abu. Mutane suka yaba masa, suka ce, "Ku dubi yadda yake tattalin kayanmu." Haka aka yi shekara uku.

Wata rana da tsakar rana ya hura ƙaiƙayinsa a ƙurya, sai aka aiko masa an yi rasuwa a wata unguwa. Ya ce a ransa yanzu zai dawo, ya kulle ƙofa ya tafi. Iska ta taso. Kafin ya gama gaisuwa, wuta ta kama rufi.

Kasuwa ta watse, kowa ya sheƙo da bokiti da tulu. Maƙerin garin, wanda mundayen kakarsa ke cikin ajiyar, shi ya ɓalle ƙofar, wuta ta ƙone masa hannu biyu. Duk da haka ba a fitar da ko allura ba. Mai shagon ya iso ya tarar da bango huɗu da hayaƙi, ya zube ƙasa, mutane suka riƙe shi suna ba shi haƙuri.

Kashegari da safe gari duka ya zo jaje. Wani ya kawo azara, wani ya kawo kwanon rufi biyu, suka jibge a gefe suka ce, "Ba za mu bar ka ka faɗi ba." Mata kuwa suka zo da rariya da faifai don su tankaɗe tokar.

Da mai shagon ya ga rariyar, sai fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Ku bari, bayin Allah. Tokar da sauran zafi. Ba abin da ya rage."

Maƙerin ya yi dariya, hannuwansa a naɗe da tsumma. Ya ce, "Haba maƙwabci, baƙin ciki ya mantar da kai sana'arka? Zane da ƙwarya sun tafi, wannan mun haƙura. Amma tagulla ba ta zama toka. Ko ta narke za mu sami curinta, ni kuma ga ni da maƙera."

Sai mata suka durƙusa suka fara tonawa. Wadda ta fara cin karo da abu ta ɗago shi, ta ce, "Wannan fa?" Takobi ne, amma ya nannaɗe kamar busasshen ganye. Wata ta ɗago munduwa, ta murmushe a hannunta ta zama jar ƙasa. Hira ta fara ɗaukewa.

Tsohuwar ta ajiye sandarta, ta rarrafa zuwa daidai inda takan tsaya. Ta sa hannu cikin toka ta lalubo, ta ce da murna, "Ga ta! Na gode Allah, ga lotsinta ma!" Ta kama gefen zanenta tana gogewa. Tana gogewa ja yana fitowa. Ta ƙwanƙwasa da farce, ba ta ji amon da ta sani tun ƙuruciya ba. Ta ƙara ƙwanƙwasawa, tasar ta dare biyu a cinyarta.

Ta dubi ɓari ɗaya, ta dubi ɗayan, sa'an nan ta dubi mai shagon.

Ta ce, "Ɗan nan, wuta tana mayar da tagulla kasko ne?"



Ta ƙara cewa, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Shekara uku ke nan, Inna."

Ta ce, "Shekara uku. Ina zuwa ina gaishe da laka, kai kuma kana tsaye kana yi mini wasa."

Maƙerin ya ɗaga naɗaɗɗun hannuwansa yana dubansu. Ba wanda ya zagi mai shagon, ba wanda ya ɗaga masa hannu. Mata biyu suka tashe tsohuwar suka raka ta gida. Mai azara ya saɓa azararsa, mai kwano ya ɗauki kwanonsa, suka watse ɗaya bayan ɗaya. Shagon bai sake buɗewa ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: shagon nan rayuwar kowannenmu ce. Kayan kanta ta sama su ne amanar da Ubangiji ya danƙa mana, waɗanda ba namu ba ne: bangaskiyar da muka karɓa, da alkawarin da muka yi a gaban ikkilisiya ranar aurenmu, da 'ya'yan da aka ba mu reno, da asirin da wata ta faɗa mana cikin kuka. Baƙin masu motoci jaraba ce, wadda ba ta fushi don an ƙi ta sau biyu. Fenti da hayaƙi kuwa su ne ƙoƙarin da muke yi don kada a ga gurbi.

Wannan ne ya fi ba ni tsoro, 'yan'uwa. Mutum yakan sayar da na gaskiyar ya bar siffarsa. Addu'a ta daɗe da mutuwa a gida, amma muryarmu ce ta fi tashi a ƙungiyar mawaƙa. Mun yi wata shida ba ma magana da 'yar'uwa, amma muna ɗaura zanen zumunta iri ɗaya da ita, muna zama a benci ɗaya. Har a yabe mu a kan abin da ba ya nan.

Wutar kuwa ita ce ranar gwaji. Takan zo da ciwo, ko rashi, ko tsanani, a ƙarshe kuma akwai ranar da kowa zai tsaya gaban Ubangiji. Ku lura, ba wuta ce ta rufe shagon ba, gama maƙwabta sun zo da kayan gini. Wuta ba ta mayar da tagulla laka. Abin da take yi kawai shi ne ta cire fenti.

Amma Allah mai jinƙai ne. Mutumin nan ya sami ranakun kasuwa na shekara uku, kowace ɗaya dama ce ta ya buɗe baki ya ce, "Na yi zunubi." Da ya yi haka da ya sha kunya, amma da akwai hanyar gyara, gama Ubangijinmu Yesu ba ya korar mai tuba. Mai shagon kuwa ya jira har toka ta yi magana a madadinsa.

Mu wutarmu ba ta zo ba tukuna. Idan kuna sauraron nan wani suna ya faɗo muku a rai, kada ku ce sai mako mai zuwa. In an tashi sujada, ku je wurin mai sunan kafin ku ci abincin rana.