Ƙwayar Gero Ɗaya

Waɗanda suka ga wannan abu duk sun rasu, saura ni. Hakimin garinmu ya yi kwaɗayin garkar wata tsohuwa, Tabawa mai koko. Ya sa aka dire buhun gero a gabanta.

Ya ce, "Iya, ƙwayoyin nan in an kasa su biyu, za su rabu daidai, ko ɗaya za ta yi saura? In kin kuskure, garka ta zama tawa."

"Za su rabu daidai, ranka ya daɗe."

"Kin faɗi! Ɗaya za ta yi saura."

Tabawa ta tsinci ƙwaya ɗaya ta jefa a baki. "To, na cinye sauran. Bisa lissafinka, yanzu sun rabu."

Hakimi ya daka tsawa. "Suɓutar baki na yi! Dā babu saura, ke kika ɓata su!"

"Ashe amsata ta farko ce gaskiya. Fadawa, kun dai ji. In kuma ana shakka, a ba ni buhun in ƙirga a gida."

"Ɗauki, ki ba ni wuri!"

Garka ta tsira. Mu 'yan gari kuwa mako uku muna shan ƙirgar a koko.