Gishirin da Ya Bushe a Kofi

Akwai wani malamin bayoloji a wata sakandare, gwani ne kam, matsalar dai ya fi kowa sanin haka. Shi a ganinsa kuskure na ɗalibai ne.

Wata Alhamis ya zo da darasin osmosis, wato yadda ruwa ke ratsa siririyar fatar ƙwayar halitta ya nufi inda gishiri ya fi yawa. Ya yanka dankali ya jefa a kofi biyu, da hannunsa ya manna musu takarda: "Ruwan gishiri" da "Ruwa zalla".

Bayan awa ɗaya ya ce, "Na gishiri ya yi laushi, na ruwa zalla ya yi tauri. Ku zo ku taɓa, ku rubuta abin da kuka gani."

Kowa ya taɓa, kowa ya rubuta abin da Malam ya faɗa, ban da Auta, ƙaramar cikinsu, wadda burinta ta zama likita.

Ta ɗaga hannu. "Malam, ni fa na gishirin na ji da tauri."

"To, ga farfesa ta iso! Ke za ki koya mini aikina?"

Aji ya kwashe da dariya. Malam ko taɓa dankalin bai yi ba, ya zabga mata sifiri da jan biro. Da wannan makin kuwa ake tantance masu zama a ajin kimiyya. Sunan Auta bai fito ba, aka mayar da ita ajin adabi.

Bayan mako biyu Malam yana kwashe kaya a bakin tagar ɗakin gwaji, sai ya ci karo da kofunan, ruwan ya ƙafe. Mai takardar "Ruwan gishiri" fes yake. Mai "Ruwa zalla" kuwa gindinsa fari fat da gishiri.

Ashe shi ya musanya takardun. Ɗalibai arba'in sun rubuta ƙarya ya ba su maki, ɗaya ta faɗi gaskiya ya kunyata ta. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa kansa.

Ya ɗauki kofin ya nuna wa ajin, ya amsa laifinsa. Ya gyara makin a ofishin shugaban makaranta, sannan ya nemo Auta.

"'Yata, ke ce da gaskiya. Ki yafe mini, ki dawo ajinki."

Ta sunkuyar da kai. "Ba komai, Malam. Ni ma daga baya na yarda cewa ba ni da kan kimiyya. Gara in zauna inda nake."

Ya roƙe ta, ya sa mahaifinta ya roƙe ta. Ba ta dawo ba. Har ya yi ritaya, ba ya iya koyar da wannan darasin ba tare da ya tuna da Auta ba.

Darasi: In na ƙasa da kai ya ce ya ga wani abu daban, tashi ka duba kafin ka gwale shi. Maki yana gyaruwa da biro, amma zuciyar da ka karya ba lalle ta gyaru ba. Ku tura wa malamai da iyaye, ko wani zai tsaya ya saurara.