Sunan da Wayifai ɗin Modu Ya Wayi Gari da Shi

Modu mutum ne mai kirki, sai dai komai ka ce ya yi, amsarsa guda ce: "Sai gobe." Rikici ne ya koro shi daga Maiduguri da iyalinsa, ya kama hayar shago a unguwar Shamaki yana buga wa mutane takardu a kwamfuta. Wannan shagon shi ne cinsu, shi ne shansu.

Ranar da Ernest mai haɗa intanet ya kafa masa rauta, akwatin nan mai ba da wayifai, sai da ya ja masa kunne.

"Oga Modu, faswod ɗin kamfani ne a kai, ga shi nan manne a gindinta. Faswod ɗin shiga saitin kuma shi ne admin, kowa ya san shi. Zauna mu canza."

"Haba Ernest, wa zai saci iska? Sai gobe."

Maƙwabcinsa Bamanga tela Bafillace ne, Modu kuwa Babarbare, saboda haka wasan taubasai ba ya ƙarewa a tsakaninsu. Kullum da safe sai Bamanga ya leƙo.

"Bawana, an tashi? Kawo wa ubangidanka shayi."

"Tafi can, mai bin saniya! Wa ya ba ka takalmi?"

Rannan Modu ya fita alwala, Bamanga ya kifa rautar ya karance faswod. Ya shiga saitin da wayarsa, ya goge sunan wayifai ɗin, ya rubuta MUNA ZUWA. Shi so yake bawansa ya gani ya zabura, a yi dariya.

A shekarun nan kuwa ba a wasa da wannan magana. An ga garuruwan da aka aika wa irinta, kuma aka zo ɗin. Kafin azahar duk mai babbar waya a layin ya gani. Mata suka kwaso yara daga Islamiyya. Samari suka bi alamar wayifai ɗin tana ƙara ƙarfi har ƙofar Modu.

"Daga ina ma ya zo?" wani ya tambaya.

"Maiduguri."

Shi ke nan. Jami'an tsaro suka tafi da shi da kwamfutarsa. Bamanga yana kan keken ɗinkinsa, ya ga an wuce da shi, tsoro ya hana shi fitowa ya ce shi ne.

Da aka gama bincike aka ga ba shi da laifi, aka sake shi. Amma mai shago ya riga ya sa kwaɗo, ya ce unguwa ba ta yarda ba. Masu gaishe shi da, yanzu sai su tsallaka titi. Modu ya ɗaure kayansa, ya ce zai gwada Bauchi.

A tasha Bamanga ya same shi, idanunsa jawur.

"Bawana, ni ne. Wallahi wasa nake yi."

Modu ya dube shi. Sannan ya ce, "Allah ya yafe mana, Malam Bamanga."

Tun da suka haɗu bai taɓa kiransa Malam ba. Mota ta tashi.

Darasi a nan biyu ne. Duk na'urar da ka saya, canza faswod ɗin da ta zo da shi tun ranar, domin mabuɗin da kowa ya sani ba mabuɗi ba ne. Kai kuma ɗan'uwana mai son wasa, wasa da daɗi, amma kafin ka yi, duba halin da gari yake ciki, ka duba kuma wanda abin zai faɗa wa a kai.