Kututturen da Aka Rufe da Dutse

Akwai wani maigida wanda tsakar gidansa ke zama taɓo kowace damina. Sai ya sayo faffaɗan duwatsu wurin masu fasa dutse, domin ya shimfiɗa su tun daga bakin zaure har gindin rumbunsa, inda abincin iyalinsa na shekara yake.

Kusa da rumbun kuwa akwai kututturen wata cediya da ya sare. Da ya zo gyaran ƙasa, sai ya sassabe kan kututturen da gatari har ya yi daidai da ƙasa, ya fara zuba yashi a kai.

Yayarsa, wata gwauruwa da ke zaune a gidan, ta fito ta tsaya a kansa. Ta ce, "Ƙanena, binne shi za ka yi? Ai ba gawa ba ce. Tone shi da saiwoyinsa, ka cika ramin da marmara, mu yayyafa ruwa mu daɓe, sannan ka ɗora dutsenka."

Ya ce, "Haba Yaya, itacen da ya mutu me zai yi mini? Baƙin Kirsimeti na hanya, ni kuma bayana ba na jaki ba ne."

Ta ce, "To. Gara ma tana jiran nata bikin."

Bai saurare ta ba. Ya jera duwatsunsa, suka kwanta sumul. Baƙi suka zo suka yaba, har wasu suna tuɓe takalma kafin su taka.

Amma a ƙarƙashi gara ta shiga kututturen, ta cinye shi, ta bi saiwoyin ɗaya bayan ɗaya, ta bar rami a duk inda suka bi. Babbar saiwar kuwa ƙarƙashin rumbu ta nufa. Da damina ta kankama, duwatsun tsakiya suka lotsa. Ruwa ya daina bin rariya ya fita waje, ya taru a wurin, ya bi hanyar saiwar. Wata safiya mutumin ya tashi ya ga rumbunsa ya karkace, gindinsa ya tsage, dawa tana tsiyaya cikin laka.

Ya nufi wurin yayarsa, ya ce, "Yaya, ina madaɓinki?"

Ta ce, "Yana nan. Amma diga za ka fara ɗauka."

Suka kwashe dawar da ta rage zuwa ɗaki. Ya ɗaga duwatsun nan duka, ya tone ruɓaɓɓen itacen har ƙarshen kowace saiwa. Ya zuba marmara kaɗan-kaɗan, matan gida suna yayyafa ruwa suna bugawa, har ƙasa ta daina amsa madaɓi. Ya karkatar da ita wajen rariya, sannan ya mayar da duwatsun. Tun daga ranar ba su sake motsi ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, tsakar gidan nan zuciyarka ce. Duwatsun su ne abin da mutane ke gani: zuwa sujada, waƙa a ƙungiyar mawaƙa, ankon zumuntar mata, aya a baki. Duk suna da kyau, ban hana ba. Kututturen kuwa shi ne gaba. Kun yi faɗa da ɗan'uwanka a kan iyakar gona, ko ke da maƙwabciyarki a kan kaza. Kun daina zage-zage, sai kuka ce magana ta mutu. Ba ta mutu ba, kanta kawai kuka sassabe. Shi ya sa kuna zama a benci ɗaya, ba kwa gaisawa. Shaiɗan kamar gara yake, ba ya ƙara, ba ya gaggawa. Ranar da wahala ta sauko, a nan ne za ka lotsa, kuma 'ya'yanka ne za su sha asarar, gama su za su gaji gabar.

Kada wani ya ce mini tonon yana da wuya. Na sani. Amma Ubangiji ya ce ka bar baikonka a gaban bagade, ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna. Wanda ya umarta, shi zai ba da ƙarfin yi. Kowa a nan ya san sunan kututturensa. Kafin ka miƙa hannu ka karɓi Jibin Ubangiji, je ka yi sallama a ƙofar mutumin nan.