Jirgin Halilu a Gonar Wake

Akwai wani mai gyaran fanka da rediyo a Kaura Namoda, kusa da tashar jirgin ƙasa, ana ce masa Halilu. Magidanci ne mai 'ya'ya, amma yana da wani abin so da ya sa mutane ke masa kallon wanda bai gama girma ba: ƙera ƙananan jiragen sama da ake tuƙawa da rimot.

Da farin soson nan da ake lulluɓe sabon firij da shi yake yanka fuka-fuki, ya haɗa da gam, ya ɗaura ƙaramin inji da batir. Da yawa sun tashi sun faɗo sun ragargaje. Guda ɗaya ne ya amsa masa, wani fari mai baƙin baki da ya sa wa suna Shamuwa. Tun rani yake fama da shi, har matarsa Nazifa takan ce da Shamuwa na cin tuwo, da shi za a fara zuba wa.

Yana da aboki, Mubashir, direban motar haya zuwa Shinkafi. Shi nasa helikwafta ne ɗan kanti, mai fitilu ja da kore. Mubashir ba mugu ba ne, sai dai mutum ne mai gaggawa, wanda ko layin alwala ba ya iya jira.

Wata ranar Juma'a da damina, bayan la'asar, suka fita wani fili a bayan gari. Halilu ya wurga Shamuwa sama, ya kama rimot. Jirgin ya hau, ya yi kwana, ya miƙe lafiya lau. Daɗi ya ɗebe Halilu ya bar shi ya yi nisa. Sai ga wata iska daga gabas ta kwashe shi, rimot ya daina kai masa umarni. Suna kallo ya gangara a hankali ya nutse a tsakiyar wata gonar gero.

Suka ruga. A bakin gonar suka tarar da wani dattijo yana gyara shingen ƙaya. Sunansa Sodangi.

Halilu ya durƙusa ya gaishe shi. "Baba, jirgina na yah hwaɗa gonakka. Ka yi man izini in ɗauko."

Tsohon ya nuna masa ƙasa. A ƙarƙashin geron wake ne ya yaɗu ko'ina, ya rufe kunya da kwari, ya yi fure fari fat.

"Ɗana, waken ga na cikin hure. In anka ratsa shi yanzu, zubewa shikai, kuma huren da yaz zube ba shi zama wake. Ko ni mai gonar ban shiga. Gonata babba tana Kurya Madaro, ta gagare ni zuwa, ka san halin da aka ciki. Wagga ita ɗai tar rage muna, ni da jikokina. Ka yi haƙuri hal shi ɗaure."

Wato sai fure ya zama kwanso, kuma wannan ba yau ba ne, ba gobe ba. Halilu ya ɗaga kai. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin a gabas. Ya san in ruwa ya shiga injin da batirin, Shamuwa ya gama yawo.

Tsohon ya saɓa gatarinsa ya yi bayan wata kuka, ya ɓace musu.

Mubashir ya matso. "To ya tahi. Shiga maza ka hito, wa zai sani?"

"Ya ce kar a shiga."

"Kai Halilu! Wahalakka ta wata da watanni za ka bari ruwa shi cinye don huren wake? In kana jin nauyi, ni bari in shiga."

Halilu ya riƙo hannunsa. "Wasa na ni ka yi da jirgin ga. Shi ko abincinai na. Mu tahi."

Kada ku ɗauka abin ya zo masa da sauƙi. Ya daɗe tsaye yana leƙen inda jirgin ya faɗa, idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya juya. Ko da za su koma fili, bai yanke ta kusurwar gonar ba, sai da ya zagaye shingen kaf, Mubashir na binsa yana tsaki.

Suna shiga gari ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Halilu ya zauna a ƙofar ɗaki da rimot a cinyarsa yana kallon indararo. Nazifa ta kawo tuwo, ta ga fuskarsa, yau ba ta yi tsokanar da ta saba ba.

Da safe ya buɗe shago ba kuzari. Mubashir ya tsaya da motarsa kafin lodi, wai ya zo jaje, amma rabin maganar "ai na hwaɗa maka" ce.

Suna cikin haka sai ga wani tsoho tafe, ɗauke da wani abu a ka, an naɗe shi da buhu, yana tambayar shagon mai jirgi. Sodangi ne. Ya sauke kayan a kan benci a hankali, ya warware.

Shamuwa ne, a bushe ƙayau. Fiffike ɗaya ne kawai ya ɗan tsage.

Halilu ya shafa fiffiken. Ya ce, "Baba, ka shiga? Huren hwa?"

"Ya zube kaɗan," in ji tsohon. "Jakina na nit tahi kwancewa bayan kuka, duk abin da kunka ce na jiya. Na ga kuma yadda kaz zagaye shinge. Sai nic ce wanga yaro ba shi kwana da baƙin ciki ta dalilina. Nit tuɓe takalmi nib bi kwari kahin ruwa shi sauko."

"Amma Baba, abincin jikokinka..."

Sodangi ya yi murmushi. "Da kai kaz zubar da shi, zalunci na. Da ni niz zubar da hannuna, kyauta ta. Ba su zama ɗaya."

Mubashir ya sunkuyar da kai, ya shiga wasa da makullin mota kamar yau ya fara ganinsa.

Tsohon ya naɗe buhunsa. A bakin ƙofa ya waiwayo ya ce, "In an yi girbi, gonar hili ta. Ka zo ka tashe shi nan. Jikokina sun hana ni sakat, wai sai sun ga tsuntsun ga sama."

Haka kuwa aka yi. Da kaka, bayan an kwashe gero an roro wake, Shamuwa ya tashi daga tsakiyar gonar da ya faɗa. Har tsohon aka ba rimot ya riƙe, yana ta kiran Halilu ya zo ya karɓa kafin abin ya sake faɗa masa a gona.

Darasi: Kada son abinka ya sa ka tattake abin wani, ko da babu mai ganinka. Abin da za ka ƙwata da gaggawa, in ka girmama mai haƙƙi, wataƙila shi zai ɗauko ya kawo maka har ƙofa. Ku tura wa masu gaggawar cikinku, kowa ya san nasa Mubashir ɗin.