Sunan 'Yar Tanimu Mai Niƙa

Tsarin mulkin ƙasa ya haramta a tsare mutum fiye da kwana biyu ba a kai shi gaban alƙali ba. Tanimu mai injin niƙa ya yi wata bakwai a tsare yana cin moriyar wannan haramci.

Laifinsa, in laifi ne, ya faɗa a teburin mai shayi cewa kwalbatin unguwarsu sau biyu aka yi bikin buɗe shi, ruwa kuma bai taɓa bi ta ciki ba. Hukumomin jiharsu suka ɗauke shi. Ba tuhuma, ba kotu, ba wanda ya san inda yake. Lokacin matarsa na da ƙaramin ciki, shi kuma yana da 'yan'uwa mata uku.

Autarsu Barira lauya ce. Ta bi kotunan jiha har takalminta ya cinye, kullum sai a ɗage zama. Sai ta haye Babbar Kotun Tarayya da ƙarar da ke tilasta wa mai tsare mutum ya kawo shi da jikinsa, ya faɗi dalili. Alƙali ya ba da umarni. Amma umarnin sai an rubuta gidan yarin da za a kai wa, Barira kuwa ba ta sani ba.

Kubura, mai bi wa Tanimu, abinci take sayarwa. Ta riƙa dafa dambu tana bin gidajen yari gari gari, tana cewa na Tanimu ne. Gidaje uku suka karɓa da godiya, suka dawo da kwano tas. A na huɗu kwano ya fito da yankan albasa jere a gefen murfi. Tun yana yaro haka yake tsince albasa. Ko gida ba ta biya ba, daga tasha ta kira Barira.

Ranar zama, lauyan jiha ya zo ba Tanimu, sai takarda. Ya ce an sallame shi tun wata biyar, ga shaidar ya dangwala da babban yatsan dama. Barira ta duba kwanan wata, ta duba hatimi, ta sake dubawa, komai daidai. Alƙali ya fara tattara takardunsa.

Babbar yayarsu Tabawa ba ta yi boko ba, don haka abu ɗaya ta iya karantawa a takardar. Ta ja rigar Barira.

"Ke Auta, wannan yatsan na wane ne?"

"Yaya, a kotu muke."

"Na ga kotu. Yatsan nake tambaya. Na Tanimu ai yana bayan gidanmu a binne."

Ta kwance bakin zane ta fito da katin asibitin da aka cire masa yatsan, mai shekara ashirin. Ba wanda ya taɓa tambayarta dalilin ajiye shi, sai alƙali. Ta ce ita ta tayar da injin ranar, hannunsa na ciki, kuma sai yau ta faɗa. Alƙali ya mayar da takardunsa kan tebur, ya ce da lauyan jiha yana son ganin mutumin kafin la'asar, da duk yatsun da suka rage masa.

Aka kawo shi. Ashe yana nan.

Kwana biyar da fitowarsa matarsa ta haifi mace. Suna jibi ne, liman ya aiko sau biyu yana tambaya, gida ya rabu uku. Ba don Barira ba, babu umarni. Ba don Kubura ba, umarnin ba shi da adireshi. Ba don Tabawa ba, da an rufe shari'a da yatsan wani, ko da yake masu tsegumi sun ce ita ma ta yi ajiyar ɗan'uwanta a duhu shekara ashirin, bai san wanda ya tayar da injin ba.

An tambayi Tanimu ra'ayinsa. Ya ce wancan karon da ya faɗi ra'ayi, wata bakwai ya yi.

To, jama'a, jaririya ɗaya ce. Sunan wa za a raɗa mata?